Koyon Rawar Taf a Matakin Tsakiya: Daga Kiram-rol Zuwa Fulbak

Wannan bayani na wanda ya riga ya wuce matakin farko ne a rawar taf, wato rawar nan da ake ɗaura wa takalmi ƙarafa biyu, ɗaya a ƙarƙashin yatsu ɗaya a ƙarƙashin dunduniya, ta yadda mai rawa zai zama shi ne makaɗin kansa. Ina nufin wanda ya iya shaful, wato share ƙasa da ƙarfen gaba zuwa gaba sannan a sharo ta baya ba tare da an ɗora nauyi a kan ƙafar ba. Ya iya filaf, wato sharewa zuwa gaba a kuma taka da nauyi. Ya kuma iya sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan cikin taku biyu masu sauri. Idan waɗannan ukun ba su zauna ba, gara a koma a zaunar da su tukuna, domin duk abin da zai biyo baya da tubalinsu aka gina shi.

Yawancin samarin da na gani suna wannan rawa a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim a waya suka koya, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke maƙalewa. Sai ka ga yaro ya tara taku goma sha biyar, yana yin su da sauri har ƙura na tashi, amma da zarar ka juya masa baya ka saurara da kunne kawai, abin da za ka ji bai wuce ƙarar buhun gwangwani da aka jefo daga kan amalanke ba. Dalili shi ne, a matakin farko ido ne yake jan mai koyo, yana kallon ƙafar wani yana kwaikwaya. A matakin tsakiya kuwa dole kunne ya karɓi ragama, kowane bugu ya fita shi kaɗai, a lokacinsa, da ƙarfin da aka nufa.

Asalin rawar ma yana nuna haka. A Amurka ta tashi cikin ƙarni na 19, inda rawar bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ta haɗu da rawar ƙafa ta baƙin da suka zo daga Ayland da Ingila. Tun a 1740 aka yi doka a Karolina ta Kudu da ta hana bayi mallakar ganga, bayan tawayen da suka yi a 1739, kuma masana tarihi da dama suna ganin irin wannan hani yana cikin abin da ya mayar da kiɗa zuwa tafi da ƙirji da ƙafa. Bill Robinson, wanda aka haifa ranar 25 ga Mayu, 1878, ya shahara ne da tsabtar sautinsa, yana rawa a kan gaban ƙafa, kuma ranar haihuwarsa ce Amurka ta ware a 1989 a matsayin ranar wannan rawa. John Bubbles shi ne ya yi fice wajen sauko da dunduniya ƙasa, ya ƙara wa rawar amo mai kauri da bugun da ke faɗawa inda ba a zata ba. Abin da mai koyo zai yi a matakin tsakiya shi ne haɗa waɗannan biyu, siririn sautin yatsu da kakkauran sautin dunduniya, kamar yadda mai kalangu yake matse tsarkiya ya kuma sake ta.

Ni kaina ba a wajen malamin rawa na fahimci wannan ba. Wata rana da la'asar ina bugawa a kan katakona a bayan rumbu, gwaggona tana surfe a tsakar gida, sai na ji ta dakata da daka ta ce, "Kai ɗan nan, wannan abin naka, taɓarya ɗaya tana kai wa gindin turmi, ɗayar kuwa a baki take tsayawa." Na ce, "Haba Gwaggo, ai daidai nake bugawa." Ta ce, "To sake, ka rufe idonka." Da na sake bugawa ido a rufe, sai na ji abin da take faɗa: shaful ɗin ƙafar dama bugu biyu ne sak, na hagu kuwa bugu ɗaya ne da wani ja a ƙasa. Macen da ta shekara hamsin tana lugude da 'yan'uwanta mata ba a ɓoye mata bugun da ya yi rauni. Tun daga ranar nake kifa wayata a gefen katako ina ɗaukar sauti kaɗai, ba hoto, in saurara bayan na gama, kuma wannan ita ce shawarar da nake fara ba duk wanda ya kai wannan mataki.

Kafin a shiga taku, sai an gyara wurin takawa, domin a matakin tsakiya tsalle yake yawa. Daɓen siminti yana ba da ƙara mai daɗi amma ba ya lotsawa ko kaɗan, duk ƙarfin saukowa a ƙwauri da gwiwa yake ƙarewa. Na yi wata biyu ina yi a kan simintin wani aji da yamma, na kwashe makonni uku ina ɗingishi da ciwon ƙwauri. Turɓaya kuma tana haɗiye sautin gaba ɗaya. Abin da ya fi shi ne a sami filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu a wajen kafinta. Faifansa ƙafa huɗu ne da ƙafa takwas, idan aka raba biyu mutum biyu sun samu. A ƙarƙashinsa a manna gutsattsarin tsofaffin silifa ko na tsohuwar tayar babur, a kusurwoyi huɗu da tsakiya da tsakankaninsu, domin katakon ya ɗaga daga ƙasa da kamar faɗin yatsa, ya riƙa ɗan lotsawa yana kuma ba da amo kamar ganga. Da damina a jingine shi a ɗaki don kada laima ta lanƙwasa shi, da hunturu kuma a share ƙura kafin a hau, domin ƙarfe a kan ƙura santsinsa ya fi na ɓawon ayaba.

Wanda bai sami takalmin rawar na asali ba, takalmi sau-ciki mai igiya da taurin tafi ya isa. Ƙarafan asali da alminiyam ake yin su, saboda haka masu ƙera tukwanen alminiyam za su fi maƙerin fartanya dacewa da aikin. Baƙin ƙarfe yana da nauyi. A sa mai gyaran takalmi ya ɗaure kowane ƙarfe da ƙusoshi uku masu zare, kawunansu su nutse cikin ƙarfen, in ba haka ba za su karce katakon su kuma iya kayar da mutum.

Tsayuwa ita ce ta gaba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a kan gaban ƙafa, dunduniya a ɗan ɗage kamar za a iya zura takarda a ƙarƙashinta, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba. Idon sawu kuwa a sake shi sakwaf, domin shi ne mabuɗin sauri. Mai koyo yakan ɗauka da ƙarfin yatsu ake yin shaful, sai ya ƙanƙame idon sawu, nan da nan ƙwauri ya gaji. A gaskiya daga cinya da gwiwa motsin yake fitowa, ƙafar tana reto a ƙarshe kamar bakin bulala. A gwada tsayawa da ƙafa ɗaya a dafa bango, a girgiza ɗayar kamar mai karkaɗe ruwa bayan alwala, sannan a sauke ta sannu a hankali har ƙarfen ya fara taɓa katako da kansa. Wannan sautin da ya fito ba tare da an nema ba shi ne shaful na gaskiya, kuma faɗin motsinsa bai kamata ya wuce taƙi ɗaya ba.

Ƙidaya da Hausa tana tafiya daidai: ɗaya da biyu da uku da huɗu da, har zuwa takwas, inda kowane "da" yake riƙe da rabin bugu. Idan an raba bugu gida uku sai a ce ɗaya da-ra biyu da-ra uku. A sauke manhajar ƙidayar bugu a waya, a fara daga bugu 70 a minti, kada a ƙara sai an yi takun sau takwas a jere ba tare da sauti ko ɗaya ya ɓace ba, a kowace ƙafa.

Takun farko shi ne kiram-rol, mai sauti huɗu: gaban ƙafar dama, gaban ƙafar hagu, dunduniyar dama, dunduniyar hagu. A fara yin sa kamar tafiya, kowane sauti da tazararsa, sannan a riƙa matse su har su zama kamar saukar kofaton doki, a ƙarshe a haɗa da ɗan tsalle ta yadda huɗun za su zubo lokacin saukowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙafafun biyu su sauka tare, huɗu su koma biyu. Maganinsa a yi tsallen ƙasa-ƙasa, a bar ƙafar dama ta riga isa, a kuma riƙe dunduniya a sama har sai an ji bugu na biyu.

Na biyu shi ne faradidil, shi ma sauti huɗu amma duka a ƙafa ɗaya. A caka ƙarfen dunduniyar dama a gaba kaɗan ba tare da nauyi ba, yatsu na kallon sama. A sharo baya da ƙarfen gaba. A taka da gaban ƙafa a ɗora nauyi. A sauke dunduniya. Sai hagu ta karɓa. Wannan taku ne da ya kamata a zauna a kansa wata guda cur, domin a nan ake koyon sarrafa ƙarfin sauti. A yi shi da farko duk huɗun da ƙarfi ɗaya, kamar ɗigar ruwa daga indararo. Idan ya zauna, sai a ƙarfafa bugun farko kawai a sassauta sauran ukun, bayan kwana biyu a mayar da ƙarfin kan bugu na biyu, sannan na uku, sannan na huɗu. Mai koyo zai yi mamakin yadda taku ɗaya ya zama kiɗa huɗu mabambanta, kuma zai gano cewa bugu na biyu, wato sharowa baya, shi ne yake yawan ɓacewa idan sauri ya ƙaru, saboda yatsu ba su ɗaga sosai ba lokacin cakawa.

Durobak ɗan'uwansa ne, sauti uku yana tafiya da baya: a sharo baya da dama, a sauke dunduniyar hagu wadda take ɗauke da nauyi, a taka da gaban ƙafar dama, sai a juya. Ƙidayarsa da-ra ɗaya, da-ra biyu. Akwai kuma wasu gajerun haɗe-haɗe da ba sa buƙatar dogon bayani ga wanda ya iya shaful. Ayirish shi ne shaful, tsallen langa a kan ƙafar da ke tsaye, sannan taku. Bafalo shi ne a dira kan dama, shaful da hagu, a dira kan hagu ana ɗaga dama a gabanta, ana tafiya gefe. Maksi-fod shi ne taku da dama, shaful da hagu, a dira kan hagu, a dangwala tsinin takalmin dama a baya. Bambancin da za a kiyaye a cikinsu duka shi ne tsakanin tsallen langa, inda ake tashi a sauka kan ƙafa ɗaya kamar yadda yara suke yi a dandali, da dira, inda ake tashi daga wannan ƙafa a sauka kan waccan.

Sai taim-istef, wanda a ganina shi ne ma'aunin wannan mataki gaba ɗaya. Sunansa yana nufin takun lokaci, domin a gidajen wasa na Amurka da shi mai rawa yake nuna wa makaɗa saurin da yake so a bi. Ana fara shi a kan takwas, kafin ɗaya, kuma wannan kaɗai yakan rikita mutum na 'yan kwanaki. Ga yadda mai sauƙin yake: shaful da dama a kan "takwas da", tsallen langa da hagu a kan "ɗaya", taku da dama a kan "biyu", filaf da hagu zuwa gaba a kan "da uku", taku da dama a baya a kan "da". Yanzu nauyi ya koma dama, hagu ta sami 'yanci, sai ta yi nata shaful a kan "huɗu da", langa da dama a kan "biyar", taku da hagu a kan "shida", filaf da dama a kan "da bakwai", taku da hagu a kan "da", an dawo inda aka fara. Sauti bakwai ke nan a kowane ɓangare.

Abu biyu ne suke lalata shi. Na farko nauyi ne. Filaf ɗin nan dole ya karɓi nauyin jiki gaba ɗaya, ko da na ƙiftawar ido ne, domin ƙafar baya ta iya ɗagawa ta sake takawa, sannan nauyin ya dawo baya gaba ɗaya domin ƙafar gaba ta iya yin shaful. Wanda ya raba nauyinsa tsakanin ƙafafu biyu zai tsinci kansa a daskare, ba ya iya ɗaga ko wacce. Saboda haka a kowane bugu mai koyo ya tambayi kansa wace ƙafa ce ke ɗauke da shi, har ma ya faɗa da baki, hagu, hagu, dama, hagu, dama, kafin ya damu da sauri. Na biyu shi ne shirun da ke tsakanin "ɗaya" da "biyu". Babu wani sauti a kan "da" ɗin da ke tsakaninsu, kuma mai koyo yakan ji kamar ya yi laifi idan ƙafarsa ta yi shiru, sai ya yi gaggawar takawa, lokaci ya goce. Wannan gurbi da gangan aka bar shi, kamar yadda masu lugude suke cilla taɓarya sama su tafa kafin ta dawo, kuma duk daɗin takun a cikinsa yake.

Idan wannan ya zauna, ana cike gurbin ne a sami sauran nau'o'in biyu. A nau'i na biyu ana musanya takun "biyu" da filaf a kan "da biyu", sauti ya zama takwas. A na uku ana musanya shi da shaful da taku a kan "da-ra biyu", sauti ya zama tara. Lokacin bai ƙaru ba, sautin ne ya ƙaru a cikinsa, saboda haka wanda ya saba cinye gurbin tun farko ba zai sami inda zai zuba su ba. Al'adar masu rawar ita ce a yi taim-istef sau shida, dama da hagu, wato ƙidaya takwas sau uku, sannan a rufe da wani taku dabam mai cike takwas ta huɗu. Ina ba mai koyo shawarar ya ƙirƙiri nasa rufin daga faradidil da kiram-rol, muddin zai ƙare nauyinsa na kan hagu, dama tana shirye kafin takwas ta zo.

Fulbak shi ne takun da yake sa mutane da yawa su ajiye takalmi, don haka a shige shi da haƙuri. Siffarsa gajeriya ce: ana tsaye kan gaban ƙafa, a yi tsalle, a sharo katako baya da ƙarafan gaba ana cikin iska, a sauka kan gaban ƙafa. Sauti biyu ne idan ƙafafun sun tafi tare, huɗu idan dama ta riga hagu da kaɗan. Wahalarsa ita ce bugun farko yana faruwa ne bayan an bar ƙasa, alhali jiki yana so ya yi shi kafin tashi, abin da ke fitowa sai ya zama ja maimakon bugu. A fara da zama a bakin benci, a ɗaga yatsun ƙafafu biyu dunduniya na ƙasa, a sharo baya a taka, domin kunne ya san sautin da ake nema. Sannan a tashi a dafa katanga ko turken rumfa da hannu biyu, a tsaya kan dunduniya yatsu a sama, a ɗan rataya nauyi a hannu, a yi tsallen a buga a sauka. Bayan mako ɗaya ko biyu a koma farawa da tafin ƙafa a shimfiɗe, daga ƙarshe a fara daga gaban ƙafa, inda dole a ɗaga yatsu a cikin iska kafin a buga. Tunanin da ya taimake ni shi ne tsallen sama ake yi, ba baya ba. Idan aka harba ƙafafu baya kamar jaki, ƙirji zai faɗo gaba a rasa wurin sauka. Kada a wuce ashirin a zama ɗaya, kullum a sauka gwiwa a lanƙwashe, kuma idan aka ji zafi mai tsini a ƙashin ƙwauri a huta kwanaki, idan ya ƙi tafiya a je asibiti. Fulbak na ƙafa ɗaya da takun da ake kira fiffike, wanda ake karce gefen takalmi waje a sharo ciki a sauka, a bar su sai na ƙafa biyu ya yi wata uku yana fita tsaf.

Game da lokaci, minti talatin sau huɗu a mako ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai. Da bazara bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ne kawai jiki zai iya, da azumi kuma a rage tsalle a tsaya kan faradidil da ƙidaya a zaune. Minti biyar na farko na juya idon sawu ne da miƙa dambubu, kuma kowane sabon taku a fara shi da ƙafar da ta fi rauni, a ba ta ninki biyu na abin da aka ba ɗayar. Katakon nan yana da amo fiye da yadda mai rawa yake ji, saboda haka a nisanta shi daga masallaci da makarantar allo, a kuma daina idan dare ya yi. A ƙauye ƙarar da ta hana dattijo barci tana iya kashe sha'awar gaba ɗaya, komai kyawunta.

Idan taim-istef ya kai bugu 120 a minti ba ya ɓata, lokaci ya yi da za a ajiye waya a nemi mai kiɗa na gaske. Kusan kowane gari yana da mai kalangun da ke yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa, kuma idan aka je masa da ladabi da ɗan goro ba zai ƙi zama na rabin awa ba. A roƙe shi ya riƙe kiɗa ɗaya a hankali kada ya canza, a saurara har sai an gano inda "ɗaya" take, domin kiɗanmu da yawa gida uku yake raba bugu, durobak da nau'i na uku na taim-istef za su fi faradidil saurin shiga cikinsa. Daga nan sai a yi musaya: ya buga ƙidaya takwas, mai rawa ya mayar masa da irinta da ƙafa, ba lallai da takun da aka haddace ba, da duk abin da zai fitar da wannan sautin. Karon farko da na gwada, makaɗin ya buga mini jimla ɗaya sau goma sha ɗaya kafin ƙafata ta iya maimaita ta, a na sha biyu ya gyaɗa kai, ya matse kalangun a hammata, ya ƙara sauri.